Wasannin Ban Dariya Na Telebijin Da Fim: Wanne Za A Kalla, Wanne Za A Bari?

Malaman Hausa na kwalejojin horon malamai sun daɗe suna tambayar abu guda, watau in an ce a koya wa ɗalibai wasan kwaikwayo, wane wasa ne na telebijin ko na fim ya cancanci a kawo shi aji, wanne ne kuma ya kamata a bar shi can inda aka gan shi. A da tambayar ba ta da wuya, domin wasan kwaikwayo a makaranta bai wuce 'yan littattafai ba, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Yanzu kuwa kafin ɗalibi ya buɗe ko ɗaya daga cikinsu ya riga ya kalli wasanni barkatai a wayarsa ta hannu, har ya hardace maganganun 'yan wasan. Saboda haka ko malami ya so ko ya ƙi, akwai waɗansu malamai da suka riga shi shiga kunnen yaron.

A cikin wannan takarda zan tsaya ga wasannin ban dariya, domin su aka fi kallo, su ne kuma aka fi rainawa wajen nazari. Ma'aunin da zan auna su da shi kuwa shi ne harshe, ba kyawun hoto ko yawan kuɗin da aka kashe ba. Tambayar da zan riƙa yi wa ko wane wasa ita ce: daga ina dariyarsa ta ke fitowa, wa kuma a ke yi wa ita? Don kada maganar ta zama ta iska, zan ɗaura ta a kan masu kallo na wuri guda, watau mutanen Kashin Zama da maƙwabtansu.

Kashin Zama gari ne a ƙaramar hukumar Aliero, wadda ta ke maƙwabtaka da Jega, ba ta kuma da nisa da Maiyama, duk a ƙasar Gwandu cikin Jihar Kabi. Kafin a yanke jihar cikin 1991, duk wannan yanki yana cikin Jihar Sakkwato ne. Mutanen wurin manoma ne, Aliero ta yi suna ga albasa da ɗorin karaya, Jega kuwa tsohuwar cibiyar kasuwanci ce. Wasa ya kan iso musu ta hanya uku: ko ta tauraron ɗan'adam ga mai hali, ko a gidan kallo mai injin wuta, ko kuwa, wanda ya fi yawa, yaro ya je rumfar masu tura finafinai a kasuwa ya biya ɗan abin da ya sauƙaƙa a cika masa waya. Kusan dukan abin da za a tura masa an shirya shi ne a Kano, ko Kaduna, ko Jos. To, a nan ne magana ta ke, domin Hausar da yaron nan ya sha a nono ba ita ce Hausar Kano ba. Hausar yamma ce, wadda a ke yi tun daga Sakkwato da Zamfara da Kabi har zuwa Dogon Dutsi da Tawa a Jamhuriyar Nijar.

Bari mu ɗan tsaya a kan wannan Hausa, don duk hukuncin da zan yanke a gaba a kanta ya dogara. Inda Bakano zai ce "ya zo", in magana ta kai ga lokacin da ya shuɗe mai dangantaka, mutumin Jega "yaz zo" zai ce, sa'an nan "yat tahi", "yak kwana", "yash sha", watau baƙin da ke tsakiya yana bin baƙin farkon aikatau ne ya zama irinsa. Inda Bakano zai ce "muka", "kuka", "suka", "aka", shi "munka", "kunka", "sunka", "anka" ya ke cewa. A wurin "ne" da "ce" yana da "na" da "ta". Sautin "f" kuwa ba ya fitowa a bakinsa yadda ya ke a rubuce: in wasalin "a" ne ya biyo baya sai ya zama "hw", kamar "hwara" da "hwaɗi", in kuwa "i" ne sai ya zama "h" kurum, kamar "hita" da "kihi". Duk waɗannan ƙa'idodi ne tsayayyu, jariri yana koyonsu ba da bulala ba, ba kuwa ya kuskure su in ya girma.

Akwai kuma abin da ya kamata ko wane malamin Hausa ya sanar da ɗalibansa na wannan yanki. Wani masanin harsuna Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna tun cikin 1928 cewa baƙaƙen leɓe da ke ƙarshen gaɓa sun narke sun koma "u" a Hausar gabas. Shi ya sa Bakano ke cewa "sauro", "zauna", "aure", "ɗaure", "auduga", alhali kuwa mutumin Maiyama yana nan a kan "sabro", "zamna", "amre", "ɗamre", "abduga". Ma'anar wannan ita ce, a wannan fuska bakin mutumin yamma shi ne ya riƙe tsohuwar siffar kalmar, na Kano ne ya sauya. Bargery ma bai raina waɗannan siffofi ba, ya shigar da su da yawa cikin ƙamus ɗinsa na 1934 tare da alamar inda a ke faɗinsu. Zaɓen Hausar Kano da aka yi ta zama tushen daidaitacciyar Hausa, tun zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939 zuwa kafa Hukumar Harshen Hausa cikin 1955, shawara ce ta sauƙaƙa rubutu da ɗab'i. Ba wanda ya yanke hukuncin cewa sauran Hausa gurguwa ce. Ai da wannan Hausar yamma ɗin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace suka yi waƙoƙin da har gobe a ke rubuta kundayen digiri a kansu, da ita kuma Gambu na Fagada, ɗan ƙasar Maiyama, ya yi nasa.

To, ina wannan Hausa ta ke fitowa a wasannin ban dariya da a ke tura wa yaran Kashin Zama? Duk mai kallo ya san amsa. Saurayin da yarinya ke so Kananci ya ke yi, haka likita, haka alƙali, haka attajiri. Ba a jin Hausar yamma sai baƙauye ya shigo birni da buhu a ka, ko mai gadi, ko mabaraci, ko boka. Da ya buɗe baki an fara dariya, tun bai faɗi abin dariya ba. Wannan shi ne nau'in wasan da na ke cewa a bar shi, ko da wane ne ya yi shi.

Dalilina biyu ne, na farkon kuwa na sana'a ne zalla. Yawancin masu kwaikwayon nan ba su iya abin da su ke kwaikwayo ba. Sun ji "hwa" da "munka" sai suka ɗauka barbaɗa su a ke yi kamar gishiri. Za ka ji ɗan wasa ya ce "munka gode", alhali babu Basakkwacen da ke godiya haka, "mun gode" ya ke cewa kamar kowa, domin "munka" tana da wurinta a nahawu. Za ka ji "hwita" a wurin "hita", ko "yaz tahi" a wurin "yat tahi". Wannan ba karin harshen kowa ba ne, gwaranci ne da aka ƙaga a wurin ɗaukar fim. Ɗan wasan da bai saurari mutanen da ya ke kwaikwayo ba har ya gane ƙa'idar bakinsu, bai yi rabin aikinsa ba, kamar maƙerin da ya ƙera fartanya bai taɓa ganin yadda a ke riƙe ta ba.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Wani zai ce ai wasa ne, Bahaushe kuwa ya san wasa tun kaka da kakanni. Gaskiya ne. Muna da wasan taubasai, da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Katsinawa da Nufawa, da Kanawa da Zagezagi. Muna da 'yan kama masu kwaikwayon malamai su mai da wa'azi zancen tuwo, da 'yan gambara, da wawan sarki, da tashen watan azumi inda yara ke kwaikwayon tsoho da mai ciki da malam. Amma a duba da kyau, duk wasan barkwanci na gargajiya yana da sharaɗi guda, watau wanda aka tsokana yana nan tsaye, yana kuwa da ikon ramawa nan take. Bafillace ya taɓa Babarbare, Babarbare ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi, a yi dariya a rabu ba wanda ya ƙasƙanta. Sakkwatawa ma, in an zauna hira, ba su bar Kananci ya sha ruwa ba. Fim kuwa ya cire wannan sharaɗi. Mai kyamara yana Kano, shi ke tsokana kullum, yaron Kashin Zama kuwa yana riƙe da waya ba shi da bakin ramawa. Abin da ke biyo baya malaman kwaleji sun fi ni saninsa: ɗalibi ya tashi yin gwajin koyarwa sai ka ga yana ta kokawa da harshensa, yana gudun kada "shina" ta kuɓuce masa a wurin "yana" 'yan aji su fashe da dariya. Wanda ya ke jin kunyar bakin uwarsa, yaya zai koya wa yara waƙar Narambaɗa?

Kada a ɗauka ina cewa duk wasan da aka karya harshe a cikinsa abin ƙi ne. Wasan da na fi so malamai su fara nema shi ne wanda ya fi kowane karya Hausa, watau Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu cikin 2023. An yi shi a rediyo da telebijin na Kaduna, gidan da ya fara aiki tun 1962, ya kuwa yi tashe ƙwarai daga shekarun 1970 zuwa na 1980. Usman Baba Banufe ne, tsohon soja ne kuma, Hausar da ya sa a bakin Samanja kuwa ita ce Barikanci, watau Hausar da sojoji 'yan ƙabilu daban daban suka daɗe suna magana da juna da ita a bariki. Ba ta rarrabe namiji da mace yadda daidaitacciyar Hausa ke yi, ba ta damu da lanƙwasar "ƙ" da "ɗ" ba, ta kuma cika da kalmomin aro irin su kofur da saje da hafsa da fareti, har da sunan samanja ɗin kansa. To, me ya raba wannan da gwarancin da na kushe? Abu biyu. Na ɗaya, Barikanci Hausa ce da ke akwai, mai wasan kuwa ya san ta daga ciki, saboda haka ko ina ya karya, a kan ƙa'ida ya ke karyawa, ɗalibi na iya zama ya fitar da ƙa'idodin nan da alƙalami. Na biyu, mai karya harshen shi ne mai iko a wasan. Shi ke ba da oda, shi a ke tsoro, shi ne kuma a ke ƙauna. Dariyar ba ta fitowa daga cewa bai iya Hausa ba, tana fitowa ne daga mutumin da ya ke son ya tafiyar da gida da aure da abota kamar yadda a ke tafiyar da fareti, duniya kuwa ta ƙi yi masa sarawa. Ko da za a juya maganarsa duka zuwa Kananci tsantsa, halin nan zai saura, zai kuwa ba da dariya. Wannan shi ne gwajin da na ke ba malamai: a cire karin harshen a gani ko akwai abin da ya rage.

Na zamaninsa kuma akwai Karambana na marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu cikin 2017, shi ma daga Kaduna, da Karkuzu na Jos. Ƙasimu Yero ya cancanci a nuna wa ɗalibai shi saboda abu guda da 'yan wasan yanzu suka yi sakaci da shi, watau sanin lokacin yin shiru. Ya kan bar magana ta faɗi ƙasa tukuna, ya bi ta da kallo, sa'an nan ya ɗauka. Ya fito kuma a Magana Jari Ce da gidan telebijin na Kaduna ya mayar wasa daga littafin Abubakar Imam, wanda ya ke da amfani ga duk ajin da ke karanta littafin, don a gwada abin da labari ke samu da abin da ya ke rasawa in ya tashi daga takarda ya koma hoto.

Amma ga mutanen ƙasar Gwandu babu kamar Idon Matambayi na gidan telebijin na Sakkwato. Dattawan Jega da Aliero da suka kalle shi lokacin da su ke cikin Jihar Sakkwato ba su manta da shi ba. Darajarsa a wurina ita ce, a cikinsa Hausar yamma ba abin dariya ba ce, ita ce Hausar kowa. Babba da ita ya ke magana, ƙarami da ita, mai hankali da ita, wawa da ita. Tun da ya ke kowa bakinsa ɗaya, ba yadda za a yi a sami dariya ta araha daga lafazi, tilas a nemo ta daga hali, da habaici, da karin magana, da iya juya zance. Ɗalibin Kashin Zama da ya ga wannan wasa zai ga abin da wayarsa ba ta taɓa nuna masa ba, watau mutum mai daraja yana magana kamar kakansa.

Sai zamanin bidiyo, wanda aka saba ƙirga farkonsa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano cikin 1990. Ba a yin zancen ban dariya a wannan zamani a tsallake marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, watau Ibro, wanda ya bar aikin gandiroba ya rungumi wasa, ya kuwa riƙe fagen har ya rasu cikin Disamba 2014. Hukuncina a kansa rabi da rabi ne, na kuma san masoyansa ba za su ji daɗin rabin ba. Ibro gwani ne na gaske. Yana da saurin baki irin na ɗan kama, yana iya ɗaukar kalma guda ya murɗa ta har ta haifi ma'ana uku, ya kuma tsaya wa talaka, domin mutumin da ya ke fitowa a matsayinsa kullum mayunwaci ne mai dabara, jikan Gizo na tatsuniya. Inda aka ba shi labari mai kai da gindi, aka haɗa shi da abokin wasa mai iya mayar da magana, abin ya kan yi armashi. Amma kasuwa ta ci shi da yawa. An riƙa fitar da finafinansa kamar ƙosai, ko wane abu ya yi tashe a gari sai a liƙa masa sunan Ibro a kai kasuwa, kamar Ibro Awilo da aka raɓa da sunan mawaƙin Kwango Awilo Longomba, da Ibro Usama. Irin waɗannan ba labari a cikinsu sai guje-guje da duka da waƙar da aka ara aka sauya wa baiti, in abin da ya yi tashen ya wuce kuwa sai su zama kamar jaridar bara. Shawarata ita ce malami ya tsinci fage ɗaya ko biyu inda Ibro ke jayayya da wani, ciniki ne ko bashi ko neman aure, ya kawo wa aji don nazarin wasa da kalma, ya bar sauran.

A nan akwai abin lura. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa cikin 2001, ta kai Ibro gaban kotu cikin 2008 saboda Ibro Aloko, har aka ɗaure shi. Ma'aunin masu tacewa rawa ce da sutura da abin da ya shafi tarbiyya, wannan kuwa aikinsu ne. Amma fim na iya tsallake wannan ma'auni sarai, ba rawa ba tsiraici, ya kuwa shafe sa'a biyu yana koya wa yaro raina Bagware da Bafillace da mutumin ƙauye. Wannan tacewar ba ta da hukuma, sai malamin aji.

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki cikin 2014, ta dawo da wasa mai dogon zango irin na da. Daɗin Kowa, wanda ya fara cikin 2015, ba wasan ban dariya ba ne zalla, amma ina sa shi cikin waɗanda za a kalla saboda gidan Kamaye da Adama da gidan Malam Nata'ala. A nan dariya daga zaman gida ta ke fitowa, daga miji mai ƙaramin ƙarfi da mace mai dogon buri, daga malamin tsangaya da rigimar iyalinsa, abubuwan da ko wace unguwa ta san irinsu. An kuma yi ƙoƙari a garin nan na ƙage a zaunar da waɗanda ba Hausawa ba a matsayin maƙwabta masu mutunci, ba abin nuni da baki ba. Aibinsa tsawo. Wasan da ya shekara da shekaru tilas ya riƙa maimaita kansa, saboda haka kashin farko-farko sun fi daɗi, sun fi kuma dacewa da aji.

Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, Nazir Adam Salih ya rubuta, aka fara nuna shi cikin 2019, shi ne na ke gani ya fi kowane wasan ban dariya na wannan zamani ƙashin baya. Tsoho ne mai dukiya mai maƙo, ga 'ya'ya rututu sun kewaye shi, ko wanne idonsa na kan abin da zai samu. Abin da zai ja hankalin mai nazarin harshe shi ne tazarar da ke tsakanin baki da zuciya. Kalmomin ladabi duk suna nan, ana "Baba", ana "Yaya", ana durƙusawa ana addu'ar tsawon rai, mai kallo kuwa ya san abin da mai addu'ar ke fata. Bahaushe ya gina zamansa a kan kunya da girmama na gaba, saboda haka ba abin da ya kai ganin an riƙe siffar ladabi an zubar da cikinta ban dariya a wurinsa, ba kuma abin da ya kai shi ban tsoro in an koma gida an yi tunani. Rabon gado kuwa ba baƙon abu ba ne ga mai gonar albasa. Inda wasan ya kan yi rauni shi ne inda hayaniya ta yi yawa, kowa na ihu lokaci guda, har maganar da aka rubuta da kyau ta nutse. Duk da haka a kalle shi.

Kwana Casa'in, na 2019 shi ma, zambo ne a kan siyasa a wata jiha ta ƙage mai suna Alfawa, ya dace da darasin harshen 'yan siyasa da na 'yan jarida. A cikin finafinai kuwa, Mati A Zazzau na 2020, wanda Yaseen Auwal ya ba da umarni, Sadiq Sani Sadiq ya fito a Mati, ya isa a ajiye shi kusa da Ruwan Bagaja a tambayi ɗalibai abin da ya haɗa Mati da Malam Zurƙe. Finafinan soyayya masu rawa da waƙa da suka cika kasuwa tun daga Sangaya cikin 1999 ba su cikin zancenmu, sai dai a ce ɗan barkwancin da a ke cusawa a tsakiyarsu don a huta da kuka shi ne matattarar baƙauyen nan mai "munka gode".

Saura abu biyu da suka fi cika wayoyin yara yau. Na farko finafinan Indiya da a ke fassarawa da Hausa, waɗanda Algaita ta fi yin suna a kansu. Son fim ɗin Indiya tsohon abu ne a ƙasar Hausa, tun zamanin da Kwarori masu gidajen silima suka riƙa kawo su. Masu fassarar nan suna da basira, su kan cusa barkwancin da babu shi a asalin fim ɗin, wani lokaci ma ya fi na asalin daɗi. Amma tilas ce ta sa su datse jimla ko su ja ta don ta yi daidai da motsin leɓen Ba'indiye, su kuma cika ta da sara irin ta samarin birni, wadda ba ta shekara biyu ba ta tsufa ba. Ya isa a yi darasi guda a kansu cikin kwas ɗin fassara, a ɗauki minti biyar a tattauna abin da aka ƙara da abin da aka zubar. Ban da wannan a bar su, kada su zama abin koyi ga mai koyon insha'i. Na biyu gajerun wasannin minti ɗaya ko biyu da a ke sakawa a TikTok da YouTube da Facebook. Mafi yawansu mari ne da zagi da namiji sanye da zane, ba su da abin da za a nazarta. Sai dai ta wannan ƙofa ce kaɗai yanzu a ke jin samarin Sakkwato da Zamfara da Kabi suna ban dariya da bakinsu na gado ba tare da sun nemi iznin Kano ba, watau wanda aka daɗe ana tsokana ya fara samun bakin ramawa. Malamin da ya ci karo da mai kyau a cikinsu ya adana shi.

Ga yadda na ke ganin za a yi amfani da duk wannan a kwaleji, ko a Argungu ne ko a wani wuri. A zaɓi fage biyu gajeru, ɗaya wanda ɗan yamma na gaske ke magana a ciki, ɗaya wanda a ke kwaikwayonsa. A sa ɗalibai su rubuta abin da suka ji harafi da harafi, ba tare da sun gyara shi zuwa daidaitacciyar Hausa ba. Sa'an nan a ba 'yan Jega da Aliero da Maiyama da ke ajin alƙalanci, su ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba a faɗinsa a garinsu, su kuma bayyana wa sauran dalili. Daga nan a juya fagagen biyu zuwa daidaitacciyar Hausa, a karanta da ƙarfi, a ga wanne ne har yanzu ya ke ba da dariya. Darasi guda ya haɗa tsarin sauti da nahawu da ƙa'idar rubutu da tarke.

Wahalar da malami zai gamu da ita ita ce samun tsofaffin wasannin. Guntayen Samanja da na Ƙasimu Yero suna yawo a YouTube, amma na gidajen telebijin na jihohi, irin su Idon Matambayi, a kan kaset aka ɗauke su, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura da damina. Duk malamin da ya san gidan da aka ajiye irin waɗannan kaset a ƙasar Gwandu ko Argungu ko Sakkwato, ya nemi iznin masu su a juye su cikin kwamfuta, ya kuma aiko wa wannan sashe da kwafe guda.